O-Zone: Samarin Moldoba da suka tsallaka iyaka suka ci kasuwar duniya

Ƙasashen Moldoba da Romaniya maƙwabtan juna ne a gabashin Turai, kogin Prut ne ya raba su, amma harshensu ɗaya ne, kamar dai yadda muke gani tsakanin Maraɗi da Katsina. Sai dai mutanen Moldoba ba su kai miliyan 5 ba, alhali a wancan lokaci Romaniya tana da fiye da miliyan 20. Don haka ba abin mamaki ba ne da wasu samari uku mawaƙa, Dan Balan da Radu Sirbu da Arsenie Todiras, suka bar Kishinau, babban birnin Moldoba, a 2002, suka koma Bukares ta Romaniya da ƙungiyarsu mai suna O-Zone.

A 2003 suka fitar da waƙar Dragostea Din Tei da harshen Romaniyanci, wanda a wajen yankinsu ba kowa ke jin sa ba. Amma mu da muka tashi da waƙoƙin Indiya mun san cewa idan kiɗa da amshi suka yi daɗi, kunne ba ya neman tafinta.

Haja mai kyau kuwa ba ta rasa masu kwaikwayo. Wata mawaƙiya 'yar Romaniya da ke zaune a Italiya, mai laƙabin Haiducii, ta sake rera waƙar, har tata ta hau matsayi na ɗaya a can a 2004. Haka aka riƙa sayar da biyun kafaɗa da kafaɗa a Turai, amma ta asalin ce ta yi makonni 15 a kan gaba a Faransa da makonni 14 a Jamus, ta kuma zo ta uku a Ingila.

A Disambar 2004 wani matashi Ba'amurke ya ɗauki kansa a bidiyo yana bin waƙar a gaban kwamfuta, ya saka a intanet, miliyoyin mutane suka kalla. Talla ke nan ta kyauta, tun kafin a buɗe YouTube. A 2005 kundinsu DiscO-Zone ya hau matsayi na ɗaya a Japan.

Abin takaici, a farkon 2005, kasuwa na tsaka da ci, samarin suka raba gari, kowa ya kama gabansa. Amma waƙar ba ta daina kawo kuɗi ba. A 2008 T.I. da Rihanna suka ari amshinta a waƙarsu Live Your Life da ta zama ta ɗaya a Amurka, sannan David Guetta da OneRepublic suka ari karinta a 2024. Kowane karo sai an sa sunan Dan Balan cikin marubuta, domin shi ya tsara ta.

A nan ne muke jan hankalin 'yan kasuwarmu masu haɗin gwiwa: tun kafin ciniki ya buɗe, a rubuta hannun jarin kowa da sunan mai haja a gaban shaidu, domin ranar rabuwa takarda ake dubawa, ba zumunci ba.