Tsohuwar Marsandi da giyar hannu: gyara ne ko ɓarna?

A garajojin Jamus da Faransa da Amurka akwai wani aiki da ke ci gaba da samun kasuwa: mai tsohuwar motar gudu ya kai ta a ciro mata akwatin giya na otomatik, a saka mata na hannu. Akwatin giya shi ne abin da makanikanmu ke kira buwat. Aikin yana cin kuɗi masu yawa, kuma ya raba masoya tsoffin motoci gida biyu. Motar da ta fi nuna wannan gardama a fili ita ce Mercedes-Benz SL mai lambar masana'anta W113, wadda Turawa suka laƙaba wa suna Pagode.

An fara nuna ta a baje kolin motoci na Geneva cikin watan Maris na 1963 da sunan 230 SL. Bafaranshe Paul Bracq, ɗan Bordeaux, yana cikin waɗanda suka zana ta, kuma shi ne daga baya ya koma Peugeot ya tsara cikin 505. Rufinta na ƙarfe ya ɗan lotsa a tsakiya kamar rufin ɗakunan ibada na Asiya, daga nan laƙabin ya samo asali. A shekarar fitowarta Eugen Böhringer ya ci tseren Spa-Sofia-Liège da ita, tafiyar fiye da kilomita 5000 bisa munanan hanyoyi. Bayan 230 SL aka yi 250 SL, sannan 280 SL mai ƙarfin doki 170. Da aka daina ƙera ta a 1971, jimillar da ta fito daga masana'anta ta kai 48 912.

Mai saye a wancan zamani yana da zaɓi uku: giyar hannu mai hawa huɗu, otomatik mai hawa huɗu, ko giyar hannu mai hawa biyar ta kamfanin ZF, wadda ƙalilan ne suka biya kuɗinta. Da yawa daga cikin 280 SL Amurka suka nufa, inda masu hali suka fi son otomatik. Shi ya sa yau, idan mutum ya fita neman wannan mota, otomatik ce zai fi cin karo da ita, mai giya biyar ta asali kuwa sai an tona, farashinta ma daban yake.

Masu son canji suna da hujjoji biyu. Ta farko ta shafi daɗin tuƙi. Otomatik ta wancan zamani takan tashi a giya ta biyu, kuma tana canza hawa da ɗan fizga, ba ta bar wa direba ikon riƙe inji inda yake so a kwana ko gangare yadda giyar hannu ke bari. Ta biyu lissafi ce. A akwatunan nan masu hawa huɗu, giyar ƙarshe tana juyawa daidai da inji. Idan gatarin baya mai 4,08 ne, kamar yadda yake a yawancin 280 SL na farko, to a gudun kilomita 120 cikin awa inji yana juyawa wajen sau 4000 a minti. Wannan ƙara ce a kunne, shan esansi ne, kuma gajiya ce ga injin da ya haura shekara hamsin. Akwatin Getrag 265, wanda aka san shi a motocin BMW kuma ake yawan ɗorawa a wannan aiki, yana da giya ta biyar mai 0,81, wadda ke sauko da juyin zuwa wajen 3300.

Sai dai aikin ya wuce kwance akwati a ɗaura wani. Otomatik tana karɓar ƙarfin inji ta hanyar mai da ke juyawa cikin wata tukunya, giyar hannu kuwa tana buƙatar ambirayaji, wanda maƙwabtanmu na kudu ke kira kuloci. Don haka sai an cire tukunyar da siririn farantinta, a ɗaura faifan ƙarfe mai nauyi a bayan inji, da farantin ambirayaji da murfin da ke matse shi. Akwai kuma ɗan ƙaramin boris da ke zama cikin gindin sandar inji don riƙe bakin sandar akwati. Motar otomatik ba ta buƙatar shi, kuma mantuwa da shi yana lalata sabon akwati cikin ɗan lokaci. Faifan kansa dole a daidaita nauyinsa da injin da zai zauna a kai, in ba haka ba mota za ta riƙa karkarwa har borisan inji su ci.

A wurin direba ana sauya mazaunin fedal gaba ɗaya, domin a samu gurbin na uku, a kuma rage faɗin na birki. Ana ja bututun mai daga fedal ɗin ambirayaji zuwa akwati, da famfo ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A ƙarƙashin mota, tsawon sabon akwati ba ya zuwa daidai da na tsohon, saboda haka sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya sai an rage ta ko an ƙara, a sake daidaita ta a na'ura, a kuma ƙera sabon ƙarfen da akwati zai zauna a kai. Bututun da ke kai man otomatik ga radiyeta don ya huce ana toshe su. Wayar agogon gudu ma sai an gyara, don kada agogo ya nuna 100 alhali mota tana 115.

Akwai wani wuri da ya shafi rai kai tsaye. Motar otomatik tana da makunni da ke hana inji tashi sai sandar giya tana kan P ko N. Idan an cire akwatin, makaniki kan haɗe wayoyin biyu kawai domin mota ta tashi. Daga ranar, wanda ya murɗa makulli mota tana cikin giya, za ta zabura gaba ko baya, ko da yaro yana tsaye a bakinta. Garajin kirki yakan mayar da wannan makunni kan fedal ɗin ambirayaji, ya kuma haɗa fitilar baya da sabon akwati.

Masu adawa da canji suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. A kasuwar tsoffin motoci, tamani yana bin asali: inji da akwati da fenti su kasance waɗanda mota ta fito da su. Ita Pagode kuwa ba ta ɓoye tarihinta. Lambar shasinta tana farawa da 113, kuma a 280 SL mai sitiyari a hagu, 113.044-10 na nufin giyar hannu, 113.044-12 na nufin otomatik. Kamfanin yana ajiye katin haihuwar kowace mota da abin da aka ɗora mata ranar fita. Dillalin da ya sayar da wadda aka canza a matsayin ta asali, lamba biyu sun isa su tona shi. Domin haka masu hankali ba su yanka jikin mota ko huda sababbin ramuka, kuma sukan ajiye tsohon akwati da duk tarkacensa a sito, saboda ranar da mai saye zai nemi a mayar da ita yadda take.

Hukuma ma tana da ta cewa. A Jamus, tun 1997, motar da ta kai shekara 30 kan samu lamba mai harafin H, da sassaucin haraji, amma sai masu binciken motoci sun yarda cewa duk canjin da aka yi mata ya dace da zamaninta. A Faransa, kartigiriz na motocin tarihi shi ma yana neman shekara 30 da mota wadda ba a taɓa muhimman sassanta ba. Kamfanin asiransi da ba a sanar da shi canjin ba yana iya ƙin biya bayan haɗari.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ko da yake dalilin ya bambanta. Tun shekarun 1990, cikin motocin okaziyo da aka yi ta saukewa a Kwatano ana haurowa da su ta Gaya, an samu masu otomatik, kuma da akwatin ya mutu, mai mota yakan zaɓi giyar hannu. Man ta bai da tsada, makanikin da ya san ta yana kowace tasha, kuma idan batir ya mutu a daji ana tura mota ta tashi. Ƙa'idojin aikin ɗaya ne, ko Pagode ce a Stuttgart ko 505 a bakin kasuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce a samu mota iri ɗaya mai giyar hannu da ta yi haɗari, a kwashe kayan gaba ɗaya daga jikinta, maimakon tsince-tsince daga shago zuwa shago. A motocin baya-bayan nan akwai ƙarin wahala, domin kwamfutar inji tana jiran saƙo daga akwatin otomatik, kuma sai an sake tsara ta ko an canza ta.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke tunanin wannan aiki ya fara da alƙalami kafin sifana. Kayan da aka yi odarsu daga Turai da euro ake biya, kuma kowane euro 1000 sefa 655 957 ne, ban da jigila da duwan da ladan makaniki. Idan akwatin otomatik yana da lafiya kuma motar tana da darajar tarihi, barin ta yadda take ya fi riba, kada garin neman gira a rasa ido. Idan kuwa ya mutu, kuma mota ta hawa ce ta yau da gobe, giyar hannu tana iya ƙara mata shekaru, da sharaɗin a daidaita faifai, a mayar da makunnin tsaro, a kuma rubuta canjin a takardun mota domin wanda zai saye ta nan gaba.