Mas'alar Wayar Lasifika

Daga cikin mas'alolin da ma'abota sauraren kiɗa a Turai da Amurka da Japan suka daɗe suna saɓani a kansu, da wuya a sami wadda ta kai mas'alar waya zafi, wato igiyar nan ta jan ƙarfe mai ɗaukar sauti daga amfilifaya zuwa lasifika. Domin akwai jama'ar da ke rantsuwa cewa waya mai tsada tana fito da muryar mawaƙi garau, akwai kuma injiniyoyin da ke ganin da'awar ba ta da madogara. A da, da wayar fitila galibin mutane ke haɗa kayansu, har zuwa ƙarshen shekarun 1970, lokacin da 'yan kasuwa irin su Noel Lee, wanda ya kafa kamfanin Monster Cable a 1979, suka mai da waya haja mai zaman kanta.

Haƙiƙa waya tana da tasiri, kuma duk wanda ya musa wannan ya musa ilimin lantarki. Kamar yadda siririn bututu mai tsawo ke rage ƙarfin ruwa, haka siririyar waya mai tsawo ke yi wa lantarki turjiya, ita kuwa turjiya ana auna ta da ma'aunin da ake kira om, don tunawa da Bajamushen nan Georg Ohm. Lasifikokin gida galibi masu om 4 ne ko 8, kuma ƙa'idar da masana suka saba bi ita ce kada turjiyar waya ta haura kashi 5 cikin 100 na wannan adadi; to wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5, in an ja ta mita 3, turjiyarta zuwa da dawowa ba ta wuce kimanin om 0.04 ba, wato kashi 1 cikin 200 na lasifika mai om 8. Azurfa, wadda ake kuranta wa, ta fi jan ƙarfe sauƙin isar da lantarki da kimanin kashi 6 cikin 100 kacal, ratar da ɗan ƙarin kauri ke cikewa. Zinariyar da ake shafa wa bakin waya kuwa ba ta ma kai jan ƙarfe ba, fa'idarta ita ce ba ta tsatsa.

Amma malaman fiƙihu sun ce mai da'awa shi ke kawo shaida, kuma shaidar da ta karɓu a nan ita ce a ɓoye wa mai sauraro wayar da aka jona, sa'an nan a ce ya faɗi wace ce. A 1983 mujallar Stereo Review ta yi irin wannan jarrabawa da wayoyi masu tsawon ƙafa 30: masu sauraro sun gane siririyar waya ƙwarai, amma da aka sa musu waƙa, sun kasa rarrabe ta Monster da ta kasuwa mai matsakaicin kauri. A 2007 kuma wani mai suna James Randi ya yi tayin dala miliyan 1 ga wanda zai rarrabe wayar Pear Anjou, mai kuɗi dala 7,250, da ta Monster, sai dai jarrabawar ba ta gudana ba. Ni dai ba na tuhumar masu cewa sun ji bambanci da ƙarya, domin wanda ya kashe dukiyarsa, ya kuma ga kyawun abin da idonsa, lalle zai saurara da natsuwar da bai taɓa yi ba, kuma ɗan ƙarin ƙara kaɗai ya isa kunne ya hukunta cewa sauti ya inganta. Abin da ke damuna shi ne a karɓi kuɗin mutum a kan zato, alhali da zai matsar da lasifikarsa daga bango, ko ya shimfiɗa darduma a ɗakin, da ya ji canjin da babu shubuha a cikinsa.

Inda waya ke bukatar kulawa ta gaske shi ne tsakanin allurar garmaho da amfilifaya, saboda lantarkin da allura ke fitarwa 'yan kaso ne cikin dubu na bolt guda, don haka in ba a lulluɓe wayar da saƙar ƙarfe mai kare ta ba, sai ta kwaso gurnanin wutar gida. In kuma ta yi tsawo da yawa, sai ta sauya siraran amo na sama, sauyin da na'ura ke aunawa, kunne kuma yake ji.