Ƙyastun Harsashi: Tace Gaskiya Daga Jita-jitar Masu Ɗura Harsashi a Gida

A Amurka akwai mutanen da idan sun dawo daga farauta ko filin gwajin harbi ba sa zubar da kwanson harsashin da suka harba. Sukan tsince shi su goge, su cire mataccen ƙyastun da ke gindinsa su dasa sabo, su auna albarushi su zuba, su ɗora dalma a baki, shi ke nan harsashi ya dawo aiki. Wasu don sauƙin kuɗi suke yi, wasu kuma don su sami harsashin da ya dace da bindigarsu daidai wa daida. Dokar tarayyar ƙasar ba ta neman lasisi daga wanda ke yi don amfanin kansa, sai mai niyyar sayarwa.

Cikin kayan nan huɗu, wato kwanso da albarushi da dalma da ƙyastu, ƙyastun ne mafi ƙanƙanta, kuma shi ne mafi saurin fushi. 'Yan harkar suna kiransa firaima. Ɗan ƙoƙo ne na ƙarfe mai laushi, faɗin ƙaraminsa milimita 4.45, babban kuma 5.33, an shafa masa sinadari a ciki, an rufe da 'yar takarda, an ɗora 'yar maƙera a kai. Idan allurar bindiga ta bugi bayansa, sinadarin ya matse tsakanin ƙoƙon da maƙerar, sai ya fashe ya watsa wuta cikin albarushi. Albarushin zamani ci yake da wuta, sai an kulle shi a wuri matsattse yake nuna ƙarfinsa. Shi kuwa ƙyastu tun a masana'anta don fashewa aka yi shi. Saboda haka maganganu sun yi yawa a kansa, kuma abin da na lura shi ne mutane sun fi jin tsoron abin da bai kai ya kawo ba, suna sakaci da wanda ke fitar da ido.

Maganar da sabon shiga ke fara ji ita ce kada ya kuskura ya taɓa ƙyastu da hannu, wai maiƙon yatsa yana kashe shi. Wannan an ƙara mata gishiri. Sinadarin yana lulluɓe ƙarƙashin takarda, galibi har da ɗan fenti na kariya, kuma masu ɗura harsashi sun daɗe suna ɗaukarsa ɗaya bayan ɗaya da busasshen hannu ba tare da ya ƙi tashi ba. Abin da yake gaskiya a ciki kaɗan ne: hannun da ya jiƙe da man da ake shafa wa kwanso bai kamata ya taɓa shi ba, domin mai yana iya raunana shi. Wanke hannu ya raba gardama.

Daga wannan 'yar gaskiyar aka haifi ƙaryar da ta fi ta haɗari. Ana cewa tunda mai yana raunana ƙyastu, to duk wanda ake son kashewa sai a tsoma shi a mai ko a ruwa, ya kwana, a jefa shi kwandon shara da kwanciyar hankali. Ba abin dogaro ba ne. Wanda aka jiƙa da mai yana iya mutuwa, yana iya kuma tashi, ba kuma yadda za a gane da ido. Na ruwa ma ya fi yaudara, domin a masana'anta da gangan ake sarrafa sinadarin yana jiƙe don kada ya fashe a hannun ma'aikata, sai an zuba shi a ƙoƙo sannan a busar da shi ya zama mai rai. Wanda ya tsoma ƙyastu a ruwa ya mai da shi halin da yake ciki kafin a busar da shi ne kawai. Ranar da ya bushe, ya farka. Duk ƙyastun da ba a harba ba, a ɗauke shi mai rai ne, ko ya sha ruwa ko ya sha mai.

Sai batun ajiya, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Kamfanoni suna sayar da ƙyastu cikin ɗan tire na roba mai ramuka 100, kowace ƙwaya da raminta, sannan a haɗa tire goma a kwali guda ya zama 1,000. Wasu sukan ga wannan ɓarnar wuri ce, su juye su duka cikin kwalba ko gwangwani, har su ce ai gara haka don iska ba ta shiga. Wannan kuskure ne babba. Ba don ado aka yi tiren ba. An tsara shi ne yadda idan ƙwaya ɗaya ta tashi ba za ta kunna maƙwabciyarta ba. Idan aka tara su jiki da jiki, tashin ɗaya tashin duka ne a lokaci guda, kwalbar ko gwangwanin kuma su tarwatse su zama abin yanka. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasan wasanni ta Amurka, SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta daɗe tana nanata cewa a bar su cikin mazubinsu na asali, a ciro iya wanda ake bukata, a mayar da ragowar nan take.

Haka ma masu cewa wuri mafi aminci shi ne akwatin ƙarfe mai ƙarfi da murfi a datse, ko ma cikin sef ɗin bindiga. Ga ɓarawo da ƙananan yara, kullewa daidai ne. Ga gobara kuwa, ƙarfen da ba ya barin iska ta fita yana tara matsi ne har ya fashe. Shi ya sa shawarar da aka sani ita ce kabad na katako mai kaurin inci ɗaya, wanda ke jinkirta zafi, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da albarushi da fetur da duk abin da ke kama wuta. Ƙa'ida mai lamba 495 ta ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, wadda jihohi da garuruwa da dama suka ɗauka ta zama doka, ta iyakance abin da za a ajiye a gidan zama a kan 10,000, a motar gida kuma 25,000. A ƙarancin kaya da aka yi a 2020 da 2021, lokacin da ƙyastu ya yi wuyar samu a kantuna, mutane sun shiga sayen ajiya, alhali kwali goma kacal ya cika iyakar ta gidan zama.

Wai ƙwaya ɗaya ba komai ba ce, ƙara ce kawai? Ƙarya ce. Ƙyastu shi kaɗai, ba ko ƙwayar albarushi a cikin kwanso, yana iya tura dalma ta shige bututun bindiga ta maƙale, wanda kuwa ya harba na biyu a bayanta yana iya fasa bindigar a hannunsa. Abin da ke da wannan ƙarfi, idan ya tashi a kan tebur, ƙoƙon ko 'yar maƙerar ne ke zama harsashi, kuma fuskar mai aiki ce mafi kusa. Tabarau na kariya wajibi ne tun daga buɗe tire har mayar da shi. Haɗarin yana ninkuwa a injunan da ake jera ƙyastu cikin dogon bututu, ɗaya kan ɗaya har 100, domin nan ma an koma batun tarawa. Masu ƙera irin waɗannan injuna sukan sa wa bututun rigar ƙarfe mai kauri don fashewar ta yi sama. Wanda ya cire ta don ta dame shi, ya cire wa kansa garkuwa. Ƙurar sinadarin kuma takan taru a hankali cikin bututun da tire, saboda haka a riƙa gogewa.

A nan ne ƙa'ida ɗaya ta fi kowace muhimmanci: ba a tilasta wa ƙyastu. Idan hannun injin ya cije, a tsaya a duba. Wataƙila ya shiga a karkace, ko ya kife, ko biyu ne suka hau juna, ko kwanson na soja ne mai matsattsen ramin ƙyastu da ba a gyara ba. Ƙara ƙarfi a wannan lokacin daidai yake da buga shi da gangan. Ba kuma duk kamfanoni ne kayansu ke da saurin tashi iri ɗaya ba; kamfanin Lee, mai ƙera kayan ɗura harsashi, ya daɗe yana gargaɗin kada a zuba ƙyastun Federal cikin tiren na'urarsa ta hannu. Masu cewa duk ɗaya ne ba su karanta takardar da ke cikin kwali ba.

Wannan "duk ɗaya ne" tana da wata fuska. Ana cewa muddin ya shiga ramin, ya yi. A'a. Ƙoƙon ƙyastun ƙaramar bindiga ya fi na doguwa sirantaka, idan aka sa shi inda matsi ya fi ƙarfinsa yana iya hujewa, iskar wuta ta dawo wajen fuskar maharbi. Wanda ake kira magnum wutarsa ta fi zafi, yana iya ɗaga matsin da ke cikin kwanso. Littattafan awo da kamfanoni irin su Hornady da Lyman da Speer ke bugawa suna faɗin takamaiman ƙyastun da aka yi gwaji da shi, kuma wanda ya sauya iri, shawarar ita ce ya koma awo mafi ƙanƙanta ya sake farawa.

Maganar cewa ƙyastun da ya ɗan leƙo sama da gindin kwanso yana da haɗari, wannan gaskiya ce tsantsa. A bindigogi masu ɗura kansu, irin su M1 Garand da SKS da AR-15, allurar ba ta da abin da ke riƙe ta baya sosai, kuma ƙarfen da ke tura harsashi yana rufowa da ƙarfi, don haka ƙyastun da bai zauna ba yana iya tashi ba a taɓa kunama ba. Littattafan sana'ar suna so ya nutse ƙasa da gindin kwanso da kimanin inci 0.003 zuwa 0.005, abin da yatsa ke iya ji idan an shafa. Amma gyaran da wasu ke yi ya fi cutar muni: su mai da harsashin da aka riga aka ɗura cikin inji su danna ƙyastun ya ƙarasa shiga. Ba a yin haka da kwanso mai albarushi a ciki. Sai an cire dalma an juye albarushi tukuna. Cire ƙyastu mai rai daga kwanso ma, ko da yake akwai masu alfaharin sun saba yi a hankali, littattafan sun hana.

Tsoho fa, yana lalacewa? Idan an ajiye shi a wuri mai sanyi marar laima, yakan yi shekaru gommai yana aiki. Zargin cewa ƙyastu yana cinye bututun bindiga kuwa gaskiya ce da zamaninta ya kusa wucewa. Tun da limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar kunna bindiga da bugu a 1807, an yi amfani da sinadarin zaiba, wanda ke sa tagullar kwanso ta yi gautsi, da kuma wani da ke barin gishiri a bututu ya ja laima ya kawo tsatsa. A ƙarshen shekarun 1920 aka fara sayar da marar tsatsa, irin Kleanbore na Remington da Sinoxid na Jamus, sojan Amurka kuma suka kammala sauyawa a shekarun 1950. Inda matsalar ta rage shi ne tsofaffin harsasan soja, musamman na ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat da ƙawayenta. Maganinsu wanke bututu da ruwa kafin a shafa mai, domin gishiri a ruwa yake narkewa.

Sai dai sinadarin da ya maye gurbin na dā yana ɗauke da dalma, kuma a nan ne jita-jitar "mataccen ƙyastu shara ce kawai" ta faɗi. Ba zai sake fashewa ba, amma baƙar tokar da ke cikinsa da ƙurar injin goge kwanso suna ɗauke da dalma, suna bin hannu da tufafi su shiga ɗaki. Wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400, ba ya bukatar dogon bayani kan dalma da yara. Adadin a nan bai kama ƙafar wancan ba, amma gubar iri ɗaya ce, kuma taruwa take yi a jiki. Ba ci, ba sha, ba taba a wurin aiki, a wanke hannu da sabulu, yara da masu juna biyu su nisanci wurin.

Gargaɗin kada a kwashe ƙyastun da ya zube da injin shara mai zuƙar ƙura daidai ne, tsintsiya da hannu su ne hanya, kuma a nemo duk wanda ya faɗi kafin wani ya taka. Lantarkin nan da ke tsartar mutum idan ya taɓa ƙofar mota lokacin sanyi ba kasafai yake tada ƙyastu ba, amma masu ƙerawa sun sa shi cikin abin kiyayewa, musamman inda ƙura ta taru da iska busasshiya. Batun sake cika mataccen ƙyastu a gida, wanda ya yaɗu lokacin ƙarancin 2020, ba shi da wata fuska ta aminci. Aikin da masana'anta ke yi a jiƙe, a bayan katanga, ba na teburin ɗaki ba ne.

Saura zato ɗaya, wanda ya fi shafar mai karatu a nan gida: tunda ana ganin bidiyon wannan aiki a YouTube, to halal ne ko'ina. Ba haka ba ne. A Birtaniya, wata dokar 2006 ta sa sai mai takardar izinin mallakar bindiga ake sayar wa irin wannan ƙyastu. A Jamus sai an yi kwas an ci jarrabawa kafin a ba mutum izinin sayen albarushi. A Najeriya kuwa Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙerawa ko haɗa harsashi a wajen ma'ajiyar makamai ta gwamnati da masana'antun da aka kafa don sojoji, kuma hukuncin wanda ya karya ta ya haɗa da ɗauri. Wanda ya tsinci harsashi ko ƙyastu, kada ya buga, kada ya jefa a wuta, kada ya bar wa yara. Ya sanar da 'yan sanda su zo su ɗauka.