IDAN YARO YA ƁATA A KANO, WA KE RIƘE DA LABARINSA?

A cikin watan Oktoba na 2019 ne rundunar 'yan sandan Jihar Kano, a ƙarƙashin Kwamishinanta na wancan lokaci Alhaji Ahmed Iliyasu, ta ba da sanarwar ceto yara 9 waɗanda aka sace daga unguwannin bayan gari, irin su Sauna da Kawo da Yankaba da Dakata, aka kai su garin Anaca a Jihar Anambara aka sayar. Waɗansu daga cikinsu sun kai shekara 5 rabonsu da gida. An sake musu sunaye, kuma akwai waɗanda Hausa ta riga ta kuɓuce musu. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Rano, sa'an nan a cikin watan Yuli na 2021 Babbar Kotun Jiha ta yanke wa madugun ɓarayin ɗaurin shekara 104.

Wannan shi ne ɓangaren labarin da kowa ya ji. Amma akwai wani ɓangare da hayaniyar wancan lokaci ta danne, wanda kuwa shi ya fi shafar kowane magidanci. Iyayen waɗannan yara ba naɗe hannu suka yi ba. Kowannensu ya yi cigiya, ya je inda ya san ana zuwa. Yaran kuwa ɗaya bayan ɗaya suka riƙa salwanta, a unguwanni masu maƙwabtaka da juna, shekara da shekaru. Da a ce akwai ofishi guda ɗaya wanda dukan waɗannan rahotanni ke taruwa a cikinsa, da wuya a daɗe haka ba wanda ya dubi takardu ya ce jama'a, wannan fa ba ɓatan hanya ba ne, hannu ne. A ƙarshe iyayen ne da kansu suka kafa ƙungiya, suka zauna suka rubuta sunayen 'ya'yansu da suka ɓata, wato suka yi aikin da ya kamata a ce hukuma ta daɗe da yinsa.

ƘOFOFI DA YAWA

Ba za a ce Kano ta rasa wuraren taimakon iyali da yara ba. Abin ma har ya so ya yi yawa. A ɗauka yaro ɗan shekara 4 ya bi masu kiɗan biki da la'asar, magariba ta yi bai komo ba. Ubansa zai fara da gidan mai unguwa, domin can aka saba kai yaron tsintuwa tun zamanin kakanni. Idan babu labari sai ya nufi ofishin 'yan sanda na yankinsa. Kashegari ya je ofishin Hisba na ƙaramar hukumarsa, ko kuma hedkwatarta da ke Sharaɗa. Daga nan sai gidajen rediyo, a biya kuɗin cigiya. Wani ya ce masa ya duba Gidan Marayu na Nasarawa, inda Ma'aikatar Mata ke ajiye yaran da ba a san iyayensu ba. Wani ya ce a leƙa Asibitin Murtala ko an kai shi. Idan ana zaton sata ce, akwai ofishin shiyya na hukumar hana fataucin mutane, NAPTIP, wadda aka kafa a 2003.

A kowace ƙofa daga cikin waɗannan sai uban ya sake labarin daga farko: sunan yaro, shekarunsa, rigar da ke jikinsa, tabon da ke goshinsa. A kowace ƙofa za a buɗe littafi a rubuta. To, amma littafin mai unguwa bai san na 'yan sanda ba, na 'yan sanda bai san na Hisba ba. Yana yiwuwa ƙwarai yaron yana kwance a gidan wani mai unguwa a Fagge, uban yana can yana yawo a Hotoro, tsakaninsu bai fi tafiyar rabin sa'a ba, amma a yi kwanaki. Mutumin da hankalinsa ya fi na kowa tashi, wanda kuma ya fi kowa ƙarancin kuɗin mota, shi ne ya zama masinja tsakanin ofisoshin gwamnati.

Ba ɓatan yaro kaɗai ba ne. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya 6 tana da wurin zuwa: Hukumar Zakka da Hubusi, wadda aka yi dokarta a 2003 tare da ta Hisba zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ga kwamitocin marayu na masallatai da na ƙungiyoyin addini, ga ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN, ga attajiran unguwa. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin rabon kayan azumi ya san yadda abin ke kasancewa. Gidan da ke bakin titi, ko wanda uwar ke da baki, ya sami buhu daga wurare 3. Gidan da ke ƙuryar lungu, inda uwar ke jin nauyin fita ta roƙa, ko mudu bai gani ba. Ba mugunta ce ta kawo haka ba. Masu rabon ne ba su san abin da 'yan uwansu suka riga suka bayar ba.

YADDA IGIYAR TA TSINKE

Tun zamanin En'e igiya ɗaya ce: mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya kai gaban Sarki. Mai unguwa shi ke karɓar haraji, saboda haka ya san kowane magidanci da yawan mutanen gidansa, kuma baƙo ba ya kwana a unguwa bai sani ba. 'Yan doka da kotunan alƙalai duk a hannun En'e suke. Tsarin yana da nasa zalunci, wanda dattawan da suka sha wahalar haraji ba su manta ba, amma ta fuskar sanin wane ne a ina, ba a yi kamarsa ba.

A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, amma littafin da ke sa mai unguwa ƙidaya gidaje kowace shekara ya tafi tare da harajin. Tsarin mulkin 1999 kuwa bai ba sarakuna da masu unguwanni wani aiki ko ɗaya ba. Hasali ma shi kansa tsarin mulkin ya raba hankali a kan abu mafi sauƙi: ya lissafa rajistar haihuwa cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ya kuma ɗora ta a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya aka yi wa rajista. Yaron da ba a rubuta haihuwarsa ba kuwa, idan ya ɓata, hujjar iyayensa a kansa sai dai shaidar maƙwabta.

A nan ya kamata a ambata cewa rikicin masarauta bai taimaka ba. A 2019 aka raba Masarautar Kano aka ƙirƙiro na Bici da Rano da Gaya da Ƙaraye, a 2024 aka soke wannan doka. Duk lokacin da aka motsa sama, hakimai da dagatai kan dakata su ga inda ƙura za ta lafa, rahoton ƙasa kuwa ya kwanta.

Doka dai ba a rasa ba. Tun 1958 Jihar Arewa ke da dokar yara da matasa. Dokar 'yancin yara ta tarayya ta 2003 ta tanadi kwamitocin aiwatarwa a matakin ƙasa da jiha da ƙaramar hukuma, da kotunan iyali. Kano ta yi shekara 20 ba ta karɓe ta ba saboda saɓani a kan waɗansu sassanta, sai a cikin watan Mayu na 2023 Gwamna Ganduje ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara ta Jiha, ana saura kwanaki ya sauka. Amma dokar ba ta zama da kanta ta kira taro.

DARASIN SHAN INNA

Abin da zai ba mai tunani mamaki shi ne Kano ta riga ta yi irin wannan haɗin kai, ta kuma ci nasara, a kan al'amarin da ya fi wannan wuya. A 2003 Jihar ta dakatar da allurar riga-kafin shan inna saboda zargin da ya bazu, ba a koma ba sai a watan Yuli na 2004, cutar kuwa ta yaɗu har ƙasashen waje. A watan Fabrairu na 2013 har harbe ma'aikatan riga-kafi aka yi a cikin birni. Duk da haka, yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar, a Ƙaramar Hukumar Sumaila ne, cikin watan Yuli na 2014, sa'an nan ran 25 ga Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Afirka ta rabu da ita.

Maganin da ake ɗigawa bai sake ba sosai; tsarin aikin ne ya sake. A 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya, aka maido da hakimai da dagatai da masu unguwanni cikin aikin. A 2013 aka buɗe cibiyar gaggawa ta Jiha, inda ma'aikatan gwamnati da na Hukumar Lafiya ta Duniya da na UNICEF da sauransu ke zama a ɗaki ɗaya, suna duban alƙaluma ɗaya, da taimakon gidauniyoyin Ɗangote da Bill Gates. An zana taswirar kowane ƙauye da kowace ruga. Ana shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, ana rubutu da alli a bangon gida. Kowace yamma ta kwanakin riga-kafi ana zama a duba gida nawa aka shiga, gida nawa aka ƙi, kuma kafin gari ya waye mai unguwa ya san gidan da zai je ya yi magana. An ɗauki mata 'yan unguwa suna shiga gida gida, suna halartar suna, suna rubuta jarirai. Har wanzamai da ungozomomi an jawo, domin su ne farkon masu ganin jariri.

Ke nan Jihar da ta iya gano yaron da aka tsallake a wata ruga cikin Sumaila a cikin kwana ɗaya, ita ce uban da ɗansa ya ɓata a Dakata ke yawo a cikinta mako guda da hoto a hannu. Bambancin a fili yake. Shan inna ta sami kuɗi, ta sami idon duniya, ta sami wanda za a tuhuma idan aiki ya lalace. Jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma kuwa, wanda a bisa ƙa'ida shi ya kamata ya haɗa waɗannan zare, sau da yawa tebur da kujera kaɗai ya mallaka.

Akwai ƙaramin misali kuma a Asibitin Murtala, wato cibiyar Waraka, inda ake karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, akasarinsu yara. A nan ana duba lafiya, ana ba da shawara, ana kuma rubuta shaidar likita wadda 'yan sanda da lauyoyin gwamnati za su yi aiki da ita, duk a wuri ɗaya, maimakon a riƙa jan yarinya daga wannan ofishi zuwa wancan tana maimaita abin da ya same ta. Amma cibiya ɗaya a tsakiyar birni ta yi wa mutumin Doguwa ko Tudun Wada nisa.

ABIN DA ZAI YIWU

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma tuni akwai kwamitocin raya mazaɓu da aka kafa domin kiwon lafiya. Ba sai an gina sabuwar hukuma da shugaba da motoci ba. Abin da ake bukata shi ne a kowace mazaɓa a sami zama na wata wata, wanda zai haɗa dagaci ko wakilinsa, da limami, da shugaban makarantar firamare, da mai kula da asibitin sha-ka-tafi, da ɗan Hisba, da ɗan sanda, da wakiliyar mata, jami'in jin daɗin jama'a yana riƙe da littafi. A unguwanni irin su Sabon Gari dole a sa shugabannin ƙabilu da na coci-coci, domin yaransu ma suna ɓata, zawarawansu ma suna kwana da yunwa. Rahoton ɓatan yaro kuwa, ko a wace ƙofa aka fara kai shi, ya kamata kafin dare ya isa wuri guda a hedkwatar Jiha, da na tsintuwa, a gwama su. Yanzu da kusan kowane mai unguwa ke da wayar hannu, wannan ba ya cin kuɗin kirki.

Sai dai akwai wuraren taka-tsantsan, kuma ba ƙanana ba ne. Littafin da ke ɗauke da sunayen marayu da matan da aka saka da yaran da aka ci zarafinsu, littafin asirin mutane ne; idan ya zama abin hira a majalisa, ba uwar da za ta sake kawo kuka. Na biyu, masu unguwanni mutane ne, suna da dangi da abokan gaba, kuma idan jerin mabukata ya faɗa hannun 'yan siyasa, to, ya koma jerin 'yan jam'iyya. Na uku shi ne al'adar nan ta a rufa asiri a sasanta a zaure, wadda ke da amfani a rikicin miji da mata, amma a kan laifin fyaɗe ta zama mafakar mai laifi. Saboda haka dole a rubuta a fili irin maganar da kwamiti zai sasanta da irin wadda ba shi da ikon taɓawa sai ya miƙa wa 'yan sanda da kotu.

A lokutan Sallah, 'yan Hisba kan tattara yaran da suka rabu da iyayensu a cikin cunkoso, su ajiye su wuri ɗaya, a yi shela a rediyo, iyaye su zo su ɗauka. Galibinsu kan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu, domin a waɗannan ranaku kowa ya san inda ake kai yaro da inda ake nemansa. Sauran kwanakin shekara ne ba su da irin wannan wuri.