Git Ba GitHub Ba Ce: Gaskiya da Ji-ta-ji-ta Kan Saka Manhajar

Duk wanda ya zauna da matasa masu koyon rubuta manhaja zai ji maganganu iri-iri game da Git, manhajar nan da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa aiki, ta yadda in mutum ya yi ɓarna zai iya komawa baya. Abin da ke damuna shi ne wasu maganganun suna sanyaya wa yara gwiwa tun kafin su fara.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wai Git da GitHub abu ɗaya ne, sai ka buɗe asusu kafin ka saka ta. Ba haka ba ne. Linus Torvalds, mai Linux, shi ya ƙirƙiro Git a watan Afrilun 2005, bayan masu aikin Linux sun raba gari da BitKeeper, manhajar da suke amfani da ita a da. GitHub kuwa kamfani ne da ya fara aiki a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018. GitHub ma'ajiya ce a intanet, kuma tana da kishiyoyi irin su GitLab da Bitbucket.

Wannan ruɗanin ne ya haifi wata maganar, wai Git ba ta aiki sai da data. Saukewar farko ce ke cin data, kuma ta Windows ba ta kai megabait 100 ba. Daga nan, tarihin aikinka kakaf yana cikin kwamfutarka, a wata ɓoyayyiyar jaka mai suna .git. Ko sati ka yi babu intanet, aikinka ba zai tsaya ba, sai ranar da za ka tura wa abokan aiki. Ga wanda yake lissafin kowane megabait, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuɗi kuma ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya ce zai sayar maka da lambar buɗe ta, cutarka zai yi.

Masu cewa sai da Linux su ma sun yi kuskure. A Windows, shafin git-scm.com za ka shiga ka sauke, ta zo maka har da Git Bash. A ɓangaren Linux kuwa, a Ubuntu, sudo apt install git ya wadatar. A Fedora sai ka sa dnf a madadin apt. Batun cewa Mac tana zuwa da ita, rabin gaskiya ce: in ka rubuta git --version a Terminal karon farko, kwamfutar za ta nemi ka sauke kayan aikin Xcode tukuna.

Akwai dai maganar da take gaskiya tsantsa. Sababbin fitowar Git sun daina aiki a Windows 7 da 8, don haka mai tsohuwar kwamfuta sai ya nemi tsohuwar fitowa. Haka nan Windows da Linux ba sa rufe layin rubutu iri ɗaya, shi ya sa lokacin sakawa ake tambayarka yadda za a yi da ƙarshen layi. Sabon shiga ya bar zaɓin da ya tarar.

Roƙona ga masu koyo shi ne kada ku karɓi Git daga filashin kowa ko wani shafin da ba ku sani ba. Ku sauke ta daga shafinta na asali, ku saka sunanku da imel ɗinku ta git config, ku fara da ɗan ƙaramin aiki yau.