Jirgin Jairo: Dalilin Da Ya Sa Ba A Koyon Tuƙinsa Sai Da Malami

Wanda ya hangi jirgin jairo a sama zai ɗauka ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu ne, domin yana da dogayen fukafukai biyu masu juyawa a bisa kansa. Amma kamar a ido kawai take. A jirgi mai saukar ungulu, inji ne ke juya fukafukan. A jairo kuwa, da zarar ya bar ƙasa babu abin da ya haɗa inji da su. Aikin injin shi ne juya wata ƙaramar farfela, galibi a baya, wadda ke tura jirgin gaba. Iskar da ke ratsa fukafukan daga ƙasa zuwa sama ita ce ke juya su, kamar farfelar kara da yaro ke riƙewa ya sheƙa da gudu. Muddin suna juyawa da saurin da ya kamata, wato sau 300 zuwa 400 a minti ɗaya, suna iya ɗaukar nauyin jirgin.

Wani injiniya ɗan ƙasar Sifen, Juan de la Cierva, shi ya ƙirƙiro shi, kuma jirgin ya fara tashi lafiya a watan Janairun 1923 kusa da Madrid. Damuwar Cierva ita ce yadda jirgi mai kafaffun fukafukai ke rikitowa idan gudunsa ya yi ƙasa da ƙima. Ya nemi jirgin da ba ya haka, ya kuma samu. Jairo na iya tafiya a hankali ƙwarai, yana sauka a ɗan fili kaɗan, in injinsa ya mutu kuma fukafukansa ba sa tsayawa. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai daga wannan gaskiyar aka ƙago wata magana mai hatsari, cewa jirgi ne da kowa zai iya hawa ya koya wa kansa.

Maganar ta samo tushe ne a Amurka cikin shekarun 1950, lokacin da Igor Bensen ya fara sayar da zanen ƙaramin jairo da kayan haɗa shi. Mutum zai haɗa abinsa a garejin gida, kuma kujera ɗaya ce, babu wurin malami. Littafin koyarwa ake bi: a fara ɗaure jirgin marar inji da igiya a bayan mota ana jansa, sannan a ɗora inji a riƙa ɗan tsalle-tsalle a titin jirgi. Waɗanda suka yi haƙuri suka bi matakan wasunsu sun ƙware. Masu gaggawa da yawa sun halaka, jirgin kuma ya yi baƙin suna na shekaru masu yawa. A Birtaniya, jerin haɗurran da suka ci rayuka a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 sun sa hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar ta ɗora wa Jami'ar Glasgow aikin bincike. Babban abin da binciken ya nuna shi ne, idan layin da farfelar baya ke tura jirgin ya yi sama da cibiyar nauyinsa sosai, jirgin ba ya zama daram, yana neman kifawa ta gaba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya fahimta, domin nan rai ke tafiya. Nauyin jirgin da ke rataye a ƙarƙashin fukafukai shi ke sa iska ta ci gaba da juya su. A ce matuƙi yana haurawa sama da ƙarfi, sai ya tura sandar tuƙi gaba farat ɗaya. Na ɗan lokaci jikinsa zai yi sakayau a kujera, jirgin ma haka. Fukafukan sun rasa nauyin da suke ɗauke da shi, iska ta daina shigar su ta ƙasa, juyawarsu ta fara raguwa nan take, sandar kuma ta daina tasiri. Injin kuwa yana nan yana tunkuɗa. Idan ƙirar jirgin irin waccan ce mai layin turi a sama, sai ya wuntsula gaba, fukafukan su sari jela ko farfela. Abin ba ya wuce daƙiƙa kaɗan, kuma in ya kai wani matsayi babu gwanin da zai ceto shi. Maganinsa kada a shiga ciki tun farko: ba a tura sanda gaba da garaje, in kuma aka ji alamar sakayau, a sassauta totur.

Kowa na iya karanta wannan a takarda ya haddace. Matsalar ita ce hannu ba ya jiran ƙwaƙwalwa idan tsoro ya zo. Abin mamaki ma, wanda ya daɗe yana tuƙa jirgi mai kafaffun fukafukai yana cikin waɗanda suka fi fuskantar wannan hatsari. Shekara da shekaru an koya masa cewa in gudu ya ragu hancin jirgi na sama, ya tura sanda gaba da sauri ya ƙara wuta. A jirginsa wannan ne ke ceton rai, a jairo kuma shi ne hanyar kifawa. Sabon da ya zauna a jiki ba ya fita da karatu. Sai an yi ta maimaita sabon salo, malami na kujera ta biyu da tasa sandar a hannu, yana gyarawa kafin kuskure ya girma.

Akwai kuma wata matsala da sababbin matuƙa ke jawo wa kansu. Jairo ba ya amsa sanda nan take, akwai ɗan jinkiri. Ɗalibi ya ja, bai ga komai ba, ya ƙara ja, sai hanci ya ɗaga fiye da yadda yake so. Ya tura don gyarawa, shi ma ya zarce. Sai jirgin ya shiga lilo sama da ƙasa, kowane zagaye ya fi na baya, har a kai ga waccan kifawa. Malami na gane wannan tun a lilo na farko, ya karɓi tuƙi, ya rage wuta, ya tsayar da sanda wuri ɗaya. Mai koyo shi kaɗai ba shi da mai karɓa.

Mafi yawan ɓarnar jairo ma a ƙasa take faruwa, wajen tashi da sauka. Kafin tashi ana fara juya fukafukan da wata na'ura zuwa kimanin juyi 200 a minti, sannan a ja sanda baya a fara gudu a hankali domin iska ta ƙarasa aikin. Wanda ya danna totur kafin fukafukan su kama, iska za ta fi ƙarfinsu, su riƙa faɗi-tashi suna fizgar sanda, har su daki jela ko ƙasa. Wanda kuma ya ɗaga jirgin tun gudu bai isa ba, zai ga inji na ruri amma jirgi ya ƙi hawa, yana nitsewa, kuma zafin rana da nauyin kaya suna ƙara tsananta wannan. Bayan an sauka aiki bai ƙare ba. Fukafukan na nan suna juyawa, iskar gefe kaɗan ta isa ta kwantar da jirgin a kan haƙarƙarinsa idan matuƙi ya saki sanda. Ko mutuwar inji da ake cewa ba komai ba ce tana da sharaɗi: jairo na gangarowa da sauri, yana cin kamar mita huɗu gaba a kowace mita ɗaya da ya sauko, don haka filin da za ka sauka sai wanda ke kusa da kai. Iya auna wannan da ido sai wanda aka sha rage wa wuta ba zato a lokacin horo.

A yau uzurin rashin kujerar malami ya kau. Kamfanoni irin su AutoGyro a Jamus, Magni a Italiya da ELA a Sifen suna ƙera jairo masu kujera biyu, da jela mai faɗi da ke daidaita jirgin, da layin turi kusa da cibiyar nauyi. Da ƙirar Magni wani matuƙi mai suna James Ketchell ya zagaya duniya a 2019. Dokoki ma sun fito fili. A Amurka ƙaramin lasisin jairo na buƙatar aƙalla awa 20 a sama, 15 daga ciki tare da malami, babban lasisin matuƙi mai zaman kansa kuma awa 40. A ganina kada kowa ya ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin ma'aunin ƙwarewa. Mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi ne kawai, kuma ɗalibai da yawa kan buƙaci fiye da haka kafin malami ya sauka ya bar su su kaɗai.

Abin da ke damuna shi ne bidiyoyin intanet sun dawo da tsohuwar jarabar zamanin Bensen. Ana nuna jirgi na shawagi dab da ƙasa cikin sauƙi, ba a nuna watannin horon da ke bayansa. Matasanmu masu basirar ƙere-ƙere, waɗanda ke haɗa jirgi da tarkacen ƙarafa, suna kallon waɗannan bidiyoyi a wayoyinsu kamar kowa. Basirar haɗa jirgi daban, iya tuƙa shi daban.

Mai son koyo ya nemi malamin da ke da shaidar koyar da jairo kansa, ba ta wani nau'in jirgi ba. Ya tambaye shi awa nawa ya yi a irin jirgin da zai koyar da shi. Ya jera darussansa kusa da juna, domin dogon hutu tsakanin darasi da darasi na mayar da hannu baya. Idan kuma bayan samun lasisi zai koma wani jairo dabam, musamman tsohuwar ƙira mai kujera ɗaya, ya sa gogaggen matuƙi ya fara gwada jirgin, ya duba inda cibiyar nauyinsa take, sannan shi ma ya fara da gudu a ƙasa da gajerun tsalle a titin jirgi, malaminsa na tsaye a gefe da rediyo a hannu.