Hannu da Ƙwaƙwalwa: Hikimar Koya wa Ƙananan Yara Zane da Aikin Hannu

Gabatarwa

A makarantun firamare da dama, da zarar lokaci ya ƙure ko malamai sun yi ƙaranci, darasin da ake fara jinginewa shi ne na zane da aikin hannu. Dalilai biyu aka fi kawowa. Na farko, wai darasin wasa ne kawai, gara a ba lissafi ko Turanci lokacinsa. Na biyu, wai babu kuɗin sayen fenti da burushi da farar takarda. Alhali kuwa tun a Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 1977 aka sanya fasaha da sana'o'in hannu cikin abubuwan da ya kamata ɗan firamare ya koya a Nijeriya. Wannan maƙala za ta duba waɗannan dalilai biyu ta fuskar ilimin halittu, wato za ta bayyana abin da ke faruwa a hannun yaro da ƙwaƙwalwarsa a lokacin da yake zane, sannan ta kawo wasu ayyuka da malami zai iya gudanarwa da kayan da ke kewaye da makarantarsa.

Yadda hannun yaro yake girma

Hannun ɗan'adam, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, yana da ƙasusuwa 27. Takwas daga cikinsu suna wuyan hannu, kuma a ranar da aka haifi jariri duk takwas ɗin guringuntsi ne. Da sannu suke taurara su zama ƙashi ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu ba ya taurara sai yaro ya doshi shekara goma ko ya ɗara. Ke nan hannun ɗan aji ɗaya hannu ne da ba a gama gina shi ba.

Haka kuma ikon sarrafa gaɓoɓi yana farawa ne daga kafaɗa, ya gangaro gwiwar hannu, ya zo wuyan hannu, daga ƙarshe ya isa yatsu. Shi ya sa ɗan shekara biyu yake damƙe gawayi cikin tafin hannunsa, yana jan layi da dukkan damtsensa. Riƙon alƙalami da yatsu uku irin na manya, akasarin yara ba sa ƙwarewa a kansa sai tsakanin shekara huɗu zuwa shida. Likitocin yara sun daɗe da lura cewa yawanci yaro kan iya kwaikwayon da'ira a shekara uku, layi biyu masu gicciye juna a shekara huɗu, murabba'i tsakanin huɗu da biyar, mai kusurwa uku kuma tsakanin biyar da shida. Duk wanda ya dubi haruffan boko ko na ajami zai ga cewa daga irin waɗannan layuka da lanƙwasa aka harhaɗa su. Saboda haka yaron da aka tilasta wa cika shafi da ƙananan haruffa kafin hannunsa ya kai, abin da zai samu shi ne gajiya da ƙin rubutun baki ɗaya.

A shekarar 1937 wani likitan ƙwaƙwalwa da ke aiki a ƙasar Kanada, Wilder Penfield, tare da abokin aikinsa Edwin Boldrey, suka wallafa taswirar sassan ƙwaƙwalwa masu kula da motsi da jin taɓi. Suka nuna cewa filin da hannu da yatsu suka ci ya fi wanda gangar jiki gaba ɗaya ta ci. Hanyoyin jijiyoyin da ke wannan fili kuwa amfani da su ne yake ƙarfafa su, kamar yadda yawan bi yake fito da turba a cikin daji. Murza yumɓu, yaga takarda, zura zare cikin dutsen ado da ƙulla igiya duk horo ne ga waɗannan hanyoyi.

Matakan zanen yara

Wata malamar makarantar reno a birnin San Faransisko na Amurka, Rhoda Kellogg, ta tara zanen yara kimanin miliyan ɗaya daga ƙasashe daban-daban. A littafinta na 1969 ta nuna cewa jagwalgwalon da manya ke rainawa yana da tsari, har ta ware nau'o'i 20 na layukan da yara ke farawa da su, kuma iri ɗaya ne ko'ina yaron ya fito. Kafin ita, a 1947, Viktor Lowenfeld ya kasa zanen yara zuwa matakai. Daga shekara biyu zuwa huɗu lokacin jagwalgwalo ne. Daga huɗu zuwa bakwai yaro kan fara zana abin da za a gane, galibi mutum mai ƙaton kai da ƙafafu biyu da suka fito kai tsaye daga kan. Daga bakwai zuwa tara yakan tsayar da salonsa na zana gida ko itace, ya ja layin ƙasa ya jera komai a bisansa. Daga tara zuwa sama sai ya fara damuwa da ko zanensa ya yi kama da abin da ido ke gani, kuma a nan ne yara da yawa suke yanke wa kansu hukuncin cewa ba su iya zane ba.

Wani masani Bafaranshe, Georges-Henri Luquet, ya bayyana a 1927 cewa ƙaramin yaro abin da ya sani yake zanawa, ko da ido ba ya ganinsa. Alal misali, zai zana ɗaki da mutanen da ke cikinsa kamar bangon gilashi ne. Wannan ba kuskure ba ne da za a gyara da jar biro. Alama ce ta matakin da tunaninsa ya kai, kuma malami mai lura zai karanci fahimtar ɗalibinsa daga gare ta.

Dangantakar zane da karatu

A 2012 wasu masana a Jami'ar Indiyana ta Amurka, Karin James da Laura Engelhardt, sun gwada yara 'yan shekara biyar da ba su fara karatu ba. Aka sa su rubuta haruffa da hannunsu, ko su bi sawun ɗigo-ɗigo, ko su danna su a kwamfuta. Da aka ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwarsu suna kallon haruffan, sai aka ga sassan da ke kula da karatu sun fi motsawa ga haruffan da yaran suka rubuta da kansu. Har ila yau, a 2016 masana a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun gano cewa ɗaliban da suka zana hoton abin da kalma ke nufi sun fi tuna kalmar fiye da waɗanda suka yi ta maimaita rubuta ta. Dalilin da aka bayar shi ne, mai zane yana haɗa ma'ana da gani da motsin hannu a lokaci guda.

Tarihin ilimin halittu ma shaida ne. Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906, burinsa yana yaro shi ne ya zama mai zane. Da ya zama likita, zanen ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ya yi yana duban madubin ƙara girma ya taimaka wajen tabbatar da cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, kuma har yau ana buga zanensa a littattafan karatu. Ɗaliban sakandare ma sun san cewa a jarrabawar gwaji ta ilimin halittu akan ajiye wa ɗalibi ganye ko ƙashi ko ƙwaro a ce ya zana shi ya sa wa sassansa suna. Wanda bai saba duban abu da kyau tun yana firamare ba, a nan yake zubar da maki.

Ayyuka huɗu da kayan gida

Aiki na farko shi ne fito da hoton ganye. Kowane yaro ya zo da ganye biyu, ɗaya na mangwaro ko gwaiba, ɗaya na masara ko dawa. Ya kife ganyen bayansa na sama, ya rufe shi da takarda, ya goga gawayi a hankali. Jijiyoyin ganyen za su fito fili. Na mangwaro sun yi rassa kamar raga, na masara kuwa sun miƙe kusa da juna. Da wannan yaro ya ga bambancin manyan rukunoni biyu na tsirrai masu fure shekaru kafin a gaya masa sunayensu. Haka nan idan aka yanka kuɓewa a gicciye aka tsoma ta cikin launi aka danna a takarda, ɗakunan 'ya'yanta za su fito kamar tauraro, sai a sa yara su ƙirga su.

Aiki na biyu shi ne haɗa launi. Gawayin da aka niƙa yana ba da baƙi, jar ƙasa tana ba da ja saboda tsatsar ƙarfen da ke cikinta, farar ƙasa tana ba da fari, gangamau yana ba da rawaya. Domin launin ya kama takarda sai a jiƙa ƙaro a zuba, wanda shi ne abin da ake sa wa tawadar allo, kuma shi ne masana'antu ke amfani da shi wajen yin fentin ruwa. Zoɓo kuwa yana da abin mamaki. Jan launinsa daga wani sinadari ne mai suna antosiyanin, wanda ke sauya kama gwargwadon abin da ya haɗu da shi. Yaro ya shafe takarda da ruwan zoɓo mai kauri, in ta bushe ya yi zane a kai da tsinke biyu, ɗaya an tsoma shi a ruwan lemon tsami, ɗaya a ruwan kanwa. Inda lemon ya bi zai ƙara ja, inda kanwa ta bi zai rikiɗe ya doshi kore. Wannan shi ne tushen darasin asid da kishiyarsa da ke jiran yaron a sakandare. Makarantar da ke kusa da marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano, tana iya kai yara su ga yadda zane ke fitowa daga ruwan baba da kore-kore, sannan iska ta mayar da shi shuɗi a gaban idonsu.

Aiki na uku shi ne ginin yumɓu. Yara su cuɗa shi, su murza shi kamar igiya, su naɗa igiyar su tayar da ɗan kasko. A bar kasaken su bushe a inuwa, sannan a kai rabinsu wurin maginan tukwane a gasa. Bayan haka a saka gasasshe da ɗanye cikin ruwa. Ɗanyen zai narke ya koma laka, gasasshen kuwa zai tsaya, domin zafin da ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos yana korar ruwan da ke ɗaure cikin ƙwayoyin yumɓun, ba ya kuma komawa. Ta wannan hanya ta naɗa yumɓu Ladi Kwali ta koyi gini tun tana yarinya a ƙauyensu, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Hotonta ne ke bayan takardar naira 20.

Aiki na huɗu tsoho ne a ƙasar Hausa, wato ƙera mota ko rumbu ko keji da karan dawa. Ɓawon karan yana da ƙarfi, totuwarsa tana da taushi, sai a riƙa soka wannan cikin wancan ba tare da ƙusa ba. Yaron da motarsa ta karkace zai gano da kansa cewa dole ƙafafun su zama daidai, ya koma ya auna.

Hattara

Ba duk abin da ke da kyaun gani ba ne ya dace da hannun yaro. 'Ya'yan idon zakara, masu ja da ɗigon baƙi, suna ɗauke da dafi mai kisa idan aka tauna su, haka ma 'ya'yan zurma, don haka kada a yi ado da su. Ruwan tumfafiya yana illa ga ido. Fentin bango da na mota bai kamata ya shiga aji ba, domin wasunsu na ɗauke da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara, saboda haka kada a ɗebo ƙasa ko laka daga inda ake haƙar ma'adinai ko sarrafa su. Yankan wuƙa aikin malami ne, ɓawon kara ma yana da kaifi, kuma wajibi ne a wanke hannu da sabulu bayan kowane aiki.

Matsayin malami

Malamin da ya zana kofi a allo ya ce kowa ya kwafa, kwafi kawai ya koyar. Abin da ya fi shi ne ya ajiye kofin a gaban yara, ya tambaye su siffar bakinsa da inda mariƙinsa yake, sannan ya bar su su zana. Idan sun gama, maimakon ya ce wannan ya yi kyau wancan bai yi ba, sai ya nemi kowa ya yi bayanin abin da ya zana, wanda hakan horo ne ga harshe. Kada ya karɓi gawayin ya gyara wa yaro, kada kuma ya tilasta wa bahago komawa dama. Idan ya lura wani yaro kullum yana rikita ja da kore, ya sanar da iyayensa, domin akwai matsalar rarrabe launi da ake gado, wadda ta fi yawa ga maza. Inda kuma iyaye ba sa son a zana mai rai, fagen yana da faɗi: akwai tsirrai, akwai dagi da sauran adon bangon gidaje, akwai zayyanar allo, da aikin hula da na ƙwarya, waɗanda dukkansu cike suke da darasin daidaito da maimaici.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa dalilan nan biyu da ake kawowa ba su da ƙarfi. Zane da aikin hannu suna shirya yatsu domin rubutu, suna koya wa ido lura, suna kuma kafa harsashin darussan kimiyya da za su biyo baya. Kayan aikin kuma suna nan a murhu da gona da bakin rafi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ake bukata daga shugaban makaranta shi ne ya bar wa darasin lokacinsa a jadawali kowane mako, daga malami kuma ya sanar da yara tun ana gobe abin da kowa zai zo da shi.